Ɗauko tsoho mara lafiya daga gida zuwa kudu: abin da ya kamata a shirya kafin mota ta tashi



Tun da muka ɗauko mahaifinmu daga gida, kusan duk sati sai wani ya tare ni a kara ko a ƙofar masallaci ya ce, "Yaya kuka yi da Baba? Ni ma tsohuwata ta kwanta." Shi ya sa na ga gara in tattara abin da muka koya a wuri ɗaya, har da kurakuran da muka tafka. Ni ba likita ba ne, iyakata sakandare. Duk abin da ya shafi lafiya a nan daga bakin ma'aikatan da suka duba Baba na ji shi, muka yi aiki da shi.

Baba ya yi sama da shekara 40 yana sauke shanu a Ibadan. Da ƙarfi ya ja baya, sai ya bar mana harkar ya koma ƙauyenmu a ƙasar Gumel. Yana da shekara 74 hawan jini ya kayar da shi a hanyar masallaci da asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mu 'ya'yansa maza huɗu duk muna kudu. Babu kowa a gabansa sai Inna, abokiyar zaman mahaifiyarmu marigayiya, ita ma ciwon gwiwa ya sa ta a gaba.

Mu da muka tashi a kara mun iya lodi, mun san direbobi, mun san hanya. Shi ya ruɗe mu muka ɗauka magana ce ta mota. Ashe mota ce mafi sauƙi a ciki. Aikin yana wajen yardar tsohon, ɗakin da zai kwana, hannun da zai yi jinya, da aljihun da zai ɗauki nauyi.

A fara da yardarsa

Kuskurenmu na farko, a waya muka yanke shawara tsakaninmu, muka sa rana, sannan aka gaya masa. Kwana biyu ya ƙi cin abinci. Da ƙyar bakinsa ke fitar da magana, amma ya ce wa Baffa, "Na baro Badun ne don in mutu inda aka binne ubana."

Baffa ne ya zauna da shi ya gyara abin da muka ɓata. Baba ya kafa sharuɗɗa: Inna za ta biyo shi, shi zai zaɓi wanda zai riƙe gona, kuma in ya samu sauƙi za a kai shi gida ya yi Babbar Salla. Har maganar da kowa ke gudu aka yi, wato in ta Allah ta kasance a kudu. Shi da kansa ya ce a binne shi a maƙabartar Musulmi ta nan, kada a wahalar da gawa a hanya. Maganar tana da nauyi, amma da aka yi ta hankalinsa ya kwanta.

Don haka ku je da ƙafarku, ku tafi da wanda yake jin nauyinsa, ku tambaye shi abin da yake tsoro. Jikinsa ne ya shanye, hankalinsa yana nan.

Takardu da magani

Kafin ku bar asibitin da ya kwanta, ku karɓi takardar sallama mai bayanin ciwon, sunayen magunguna da yadda ake shan su, sakamakon gwajin jini, da hoton ƙwaƙwalwa ko na ƙashi in an ɗauka. Ku ɗauki hotonsu a waya. In babu su, a kudu sai an sake komai daga farko, kuɗi biyu ke nan. Ku tambayi likita ƙarara ko jikinsa zai ɗauki doguwar tafiya, kuma ku taho da maganin aƙalla wata ɗaya.

Ɗaki da banɗaki

Wannan aikin a gama shi kafin tsohon ya iso.

Ɗakin ya zama na ƙasa. Yayanmu a bene yake zaune, dole ya yi musaya da wani maƙwabci, da sanin mai gidan. Ku gaya wa mai gidan haya tun da wuri, don za ku buƙaci izininsa kafin ku taɓa gini.

Ku auna ƙofa. Faɗin keken marasa lafiya yana kaiwa santimita 60 zuwa 70, saboda haka ƙofar da ba ta kai kusan 80 ba za ta ba ku wahala. Gidajen kudu kuma dokin ƙofarsu dogo ne saboda ruwan sama, ga kwata a bakin gida. A yi gangare da siminti ko katako mai ƙwari. Ma'aunin da aka ba mu: duk santimita 1 na tsayi, a ba shi santimita 12 na tsawo. Matakalar santimita 15 tana son gangaren santimita 180. In ya fi haka miƙewa, keken zai rinjayi mai turawa.

Katifar ƙasa ba ta yi. Ɗago mutum daga ƙasa yana karya bayan mai jinya. A samu gadon da in ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai. A sa ledar shimfiɗa a ƙarƙashin zanin gado. A ajiye gadon ta yadda zai riƙa sauka ta ɓarinsa mai lafiya.

Banɗaki shi ne babbar matsala. Mai shanyewar jiki ba ya iya tsuguno, kuma banɗakin gidan haya na kowa da kowa ne, ga gansakuka, ga santsi, ga layi da safe. Mu mai walda muka sa ya haɗa mana kujerar ƙarfe mai hannuwa da rami a tsakiya, ana sa fo a ƙasa, muka kewaye lungun ɗaki da labule. Kada ku huda kujerar roba, tana iya karyewa da shi. A wurin wanka a sa kujera, a kafa ƙarfen kamawa a bango ta gefen hannunsa mai lafiya.

Sai fitila mai caji kusa da hannunsa, da gidan sauro, da fanka. A kwashe tabarma mai naɗewa, wayar wuta da butoci daga hanya. Faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugun tsoho, ta mayar da aiki baya gaba ɗaya.

Hanya

Daga ƙasar Gumel zuwa Ibadan kusan kilomita 1,000 ne. In da hali, jirgi ya fi: Kano zuwa Legas wajen awa ɗaya da rabi. A sanar da kamfanin tun wajen sayen tikiti cewa fasinjan yana buƙatar keke, a riƙe takardar likita.

In mota ce, a yi shatar ƙaramar mota mai faɗi wadda kujerarta ke kwanciya. Babbar bas ta dare ba za ta tsaya muku ba, tirelar shanu kuwa ko da wasa kada a kawo maganarta, ko da a gidan gaba ne. Hanyoyin da aka fi bi biyu ne: ta Bida, Mokwa, Jebba, Ilorin, Ogbomosho da Oyo, ko ta Lokoja, Okene, Akure da Ife. Ku tambayi direbobin da suka sauko a satin wacce ta fi lafiya. Mu kwana muka yi a Suleja, ba mu yi tafiyar dare ba.

A tsaya duk bayan awa 2, a gyara masa zama, a motsa masa ƙafafu, saboda dogon zama yana iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa. In bayan tafiya ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Kuskurenmu na biyu, mun rage masa ruwa don kada fitsari ya dame shi, sai ya iso a galabaice. Ku ba shi ruwa, ku riƙe robar fitsari da zanin da za a kare shi.

Juyawa da ɗagawa

Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk awa 2, dare da rana. In ba haka ba, gyambon kwanciya zai fito inda ƙashi ke danne fata: ƙugu, ƙasan baya, diddige, kafaɗa. A fatarmu baƙa ba lallai ka ga ja ba. Wurin zai ƙara duhu ko ya yi ƙyalli, ya yi zafi ko tauri. Mu ba mu sani ba sai da diddigen Baba ya fashe, muka yi wata biyu muna wanki. A sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa. Zafin kudu mai gumi ne, don haka a riƙa tsane jiki sosai bayan wanka, a canja shimfiɗa da zarar ta jiƙe.

Wajen ɗagawa, kada a taɓa jan hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. Mu rawani mai ƙwari muke ɗaura masa a ƙugu mu kama. Ka tsaya a gabansa, ka tokare gwiwarsa mara ƙarfi da taka, ka lanƙwasa gwiwoyinka, ka gaya masa za a tashi, sannan ku miƙe tare. Keken ya kasance a ɓarinsa mai lafiya, birki a kulle. In ya fara takawa, sanda a hannu mai lafiya, kai kuma ka tsaya ta ɓarin da ya shanye. A matakala, ƙafa mai lafiya ce gaba wajen hawa, mara ƙarfi ce gaba wajen sauka.

Abinci da shan magani

Shanyewar jiki tana taɓa haɗiya. Kada a ba shi komai a kwance. A zaunar da shi sosai, loma ƙanana, kuma ya zauna rabin awa bayan ya gama. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, fate da kunu mai kauri sun fi masa sauƙi. In yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha ruwa, a gaya wa likita, don abin da ya sauka a huhu yana jawo ciwon haƙarƙari.

A rage gishiri, dunƙule da kanwa. Mu gidan nama ne, duk wanda ya zo dubiya sai ya riƙo balangu ko kilishi. Dole muka riƙa karɓa a ƙofa muna godiya.

Akwai wani abu da ba mu zata ba. Baba ya ƙi cin abinci da hagu, ya gwammace a ba shi a baki, kuma hakan yana ƙona masa rai. Sai da limaminmu ya zo ya yi masa bayanin cewa lalura ce, babu laifi a kansa, sannan ya karɓi cokali. Daga ranar cin abincinsa ya ƙaru.

Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Mun sayi na'urar awon jini, muna rubuta abin da ta nuna a littafi, mu tafi da shi asibiti. Maganin ciwon jiki na kemis kada a ba shi sai an tambaya, wasu suna tayar da jini, suna taɓa ƙoda. Na gargajiya kuwa, kowane mai dubiya da nasa. Duk wanda za a sha, a fara nuna wa likita, kuma kada a ajiye na asibiti saboda shi.

Asibiti da gashi

Ku buɗe kati a satin farko, kada ku jira sai jiki ya rikice. A Ibadan, asibitin koyarwa na UCH yana da sashe na musamman na tsofaffi, Cibiyar Cif Tony Anenih, wadda aka buɗe a 2012. A Legas akwai LUTH a Idi-Araba, da asibitin ƙashi na Igbobi. Na gabas kuma akwai asibitin ƙashi a Inugu. Ku bincika inshorar lafiya ta jiharku, kamar OYSHIA a Oyo ko Ilera Eko a Legas, ku ji abin da take ɗauka.

Gashi shi ne abin da ya fi taimakon Baba, kuma watannin farko sun fi muhimmanci. Ku roƙi mai gashin ya koya wa mutum biyu a gida, don atisayen kullum ne. Duk zuwa asibiti a tafi da wanda ke jin Turanci ko yaren garin. Kuma a bar tsohon ya amsa da bakinsa, a fassara. Kada a riƙa magana a kansa kamar ba ya wurin.

Rabon aiki da kuɗi

A nan gidaje ke watsewa. In ba a raba aiki a fili ba, komai zai zube a kan mutum ɗaya, yawanci matar babban wa. Mu muka ce tsarki da wanka aikin 'ya'yansa maza ne da Inna, don ba zai taɓa yarda suruka ta gan shi a haka ba. Mata suka ɗauki girki da wankin shimfiɗa, bi da bi. Kwanan ɗaki kuma kowa da darensa, a rubuce a jikin ƙofa.

Kuɗi, asusu muka yi. Duk san da aka sayar akwai abin da ake cirewa, mutum ɗaya ke riƙewa, komai a littafi. Ku lissafa magani, famfas na manya, safar hannu, sabulu, kuɗin mota da na gashi. Wannan hidima ce ta kowane wata, ba ta lokaci ɗaya ba.

Zan faɗi abin kunyar da na yi don wani ya kiyaye. A wata na uku na yi dare huɗu a jere, don 'yan uwana suna kan hanya da shanu. Ƙarfe 3 na dare Baba ya ɓata shimfiɗa karo na biyu, na ɗaga masa murya. Bai ce komai ba. Da gari ya waye ya ce wa Inna a nemo mota, gida zai koma. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya yafe, amma wallahi har yau abin yana ci na. Tun daga nan muka kafa doka, babu mai yin dare biyu a jere. In ba kowa, a ɗauko wani amintacce a biya shi. Mai jinyar da bai yi barci ba haƙurinsa ƙarewa yake, komai son da yake wa iyayensa.

Mutuncinsa

Mutumin da ya saba ba da umarni a kara, yau sai an kai shi bayan gida. Wannan ya fi ciwon ci masa rai. A yi sallama kafin a shiga ɗakinsa, a rufe jikinsa wajen wanka, a kori yara lokacin tsarki. Abin da zai iya da kansa a bar shi ya yi, ko da zai ɗauki lokaci.

Salla a zaune yake yi, ranar da jiki ya matsa ya yi a kwance, kuma dutsen taimama yana gefen gado. Ranar Juma'a muna tura shi masallaci. Da farko ya ƙi keken saboda sunan da ake kiransa, keken guragu. Muka hana kowa faɗin haka a gidan, muka koma cewa motar Baba.

Da la'asar muna fito da shi ƙofar gida da rediyonsa. Tsofaffin abokansa na Sabo suna zuwa, maƙwabtanmu Yarbawa suna rusunawa su ce masa "e ku ijoko", wato sannu da zama. Sau ɗaya a wata muna kai shi karar Akinyele. Daga kan keke zai kalli bijimi ya ce, "Wannan an cika shi da ruwa, kada ka saya." Ranar da ya faɗi haka na farko, ranar na ga Babana ya dawo. In tsoho ya daina magana, ya daina cin abinci, yana yawan kuka, a gaya wa likita. Damuwa tana bin shanyewar jiki, kuma tana da magani.

Ranar gaggawa

Kowa a gidan ya san waɗannan alamomi: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta harɗe. In an ga ɗaya, kada a ɗura masa komai a baki, kada a jira gari ya waye, sai asibiti. A rubuta lambar mai mota biyu na unguwa da 112 a bango.

Akwai kuma abin da mu mazauna kudu muka sani. Rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya nuna mana yadda gari ke juyawa cikin awa kaɗan, kuma tsoho ba ya gudu. Jakarsa ta magani da takardu tana rataye kullum, mun san wanda zai ɗauke shi da gidan da za a kai shi. Zaman lafiya da maƙwabci yana cikin shirin jinya.

Ba kowane tsoho ake ɗaukowa ba

In a gida akwai mai ƙarfin jinya da asibiti kusa, wani lokaci ya fi alheri a bar shi cikin mutanensa, a riƙa aika kuɗi, 'ya'ya suna zuwa bi da bi. Wanda ruɗewar tsufa ta kama kuwa, sabon wuri yana iya ƙara rikita shi. Kada a ɗauko tsoho don gudun surutun mutane, a kulle shi a ɗaki a tafi kasuwa.

Yau Baba yana takawa da sanda daga gado zuwa ƙofar gida. Hannun dama dai bai dawo ba. Alkawarin Babbar Salla yana nan, kullum sai ya tuna mana, kuma mun fara tara kuɗin shata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon rabuwa da iyayenmu lafiya. Amin.